Da Fatar 'Yar Yayana Na Yi Talla

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku buga wannan wasiƙa ba tare da sunana ba. Waɗanda suka san ni za su gane ni ko ban faɗa ba, wannan bai dame ni ba. Abin da nake gudu shi ne a ƙara nuna yarinyar da ke cikin labarin da yatsa, domin kallon da ta sha ya ishe ta.

A shekarun da zan ba da labarinsu, ni mai gyaran jiki ce a Funtua. Da kitso da lalle na fara a tsakar gidana, daga baya maigidana ya gyara mini ɗakin da ke jikin zaure na mai da shi shago. Ina yi wa amare dilka da halawa da turaren jiki, kuma Allah ya sa wa hannuna albarka, har daga Malumfashi da Danja ake kawo mini amare. Sai dai dilka aikin haƙuri ce, sai an yi kwanaki kafin a ga haske, 'yan matan yanzu kuwa ba sa son jira. Wata mata da ta zo biki daga birni ita ta koya mini abin da muke kira haɗi. Za ki samo ƙananan mayukan nan na matsawa da ake sayarwa a kemis don ƙaiƙayi da ƙuraje, ki matse su a roba, ki zuba wani ruwan mai da dillalai ke kawowa a kwalba marar rubutu, ki ƙara man shafawa mai ƙamshi don ya ɓoye warin, ki juya. Shi ke nan. Wallahi har na daina sana'ar ban san sunan ko abu ɗaya da ke cikin kwalbar nan ba. Abin da na sani kawai, mako biyu ya isa baƙar mace ta fara haske.

Allah bai ba ni 'ya mace ba. Yayana, wanda muke ciki ɗaya, manomi ne a Gozaki, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu har ya aurar da ni. Da 'yarsa ta fari ta gama firamare ta ɗan fara sakandare a can, sai ya ce ya ba ni ita, ta zauna a wurina ta yi karatu a gari, ni ma in samu 'yar ɗaki. Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa ba ma kiran sunan, Ummi muke ce mata. Tana da shekara goma sha huɗu ta zo hannuna. Baƙa ce sosai, baƙi mai sheƙi, fuskarta sumul babu ko ɗigon ƙurji. Ga natsuwa, ga son littafi. In ta dawo daga makaranta sai ta zauna a bakin shago tana aikin gida tana sauraron hirarmu.

Ba ita ta nemi man ba, wannan nake so a fara sani. Wata rana wata mai sayen haɗi ta dube ta, ta dube ni, ta yi dariya ta ce in da gaske man nawa yana aiki, me ya hana ni gyara 'yar cikin gidana. Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini a rai. Washegari bayan ta yi wanka na kira ta ɗaki na shafa mata da hannuna, fuska da wuya da hannuwa. Ta ce yana mata zafi. Na ce zafin ne alamar yana aiki. Ta ce Baba ba zai so ba. Na ce ai ba bilicin ba ne, wanke fata ne kawai, yana fitar da dattin ƙauye. Ta bari na gama shafa mata. Yarinya ce da aka hore ta da kada ta yi wa babba musu, ni kuma da wannan tarbiyyar tata na yi amfani.

Kafin wata biyu Ummi ta sauya kama. Na ɗauki hotonta na ranar da ta zo da wanda na yi mata daga baya, na haɗa su gefe da gefe na ɗora a waya, duk mai lambata ta gani. Daga nan ban ƙara buƙatar yi wa kowa bayani ba, duk wadda ta yi shakka sai in ƙwala wa Ummi kira ta fito a gan ta. 'Yan ajinsu suka fara biyo ta gida, da kayan makaranta a jikinsu. Akwai waɗanda na tabbata ba su wuce sha uku ba. Ban taɓa tambayar ko ɗaya shekarunta ba, ban taɓa tambaya ko uwarta ta san ta zo ba. Har ƙananan robobi na samo musamman saboda su, waɗanda za su shige aljihun jaka ba a gani ba.

Da ta je hutun farko Gozaki, uwarta ta kira ni a waya tana tambayar me ya sami fatar yarinyar. Na ce hutu ne da ruwan gari, ba ta shiga rana kamar da. Yaya kuwa dariya ya yi, ya ce saura kaɗan ya wuce 'yarsa a ƙofar gida bai gane ta ba, lallai Funtua ta karɓe ta. Bai ƙara tambaya ba, domin bai taɓa kawo wa ransa cewa zan yi wa jininsa abin da zai cutar da ita ba.

Alamu sun zo, kuma na gan su ɗaya bayan ɗaya. Gaɓoɓin yatsunta suka yi baƙi ƙirin alhali sauran hannun fari. Jijiyoyi suka fito kore-kore a hannunta. Nankarwa ta feso mata a damtse da bayan gwiwa, yarinyar da ba ta yi ƙiba ba, ba ta haihu ba. Da kaka in ta je gida ta taya su shanyar masara da barkono a tsakar gida, sai ta dawo fuska ta yi jawur tana saɓulewa. Akwai lokacin da kwano ya yanke ta a hannu, ma'aikaciyar asibitin unguwa ta yi ta fama da ɗinki yana yage fatar, har ta ɗago ta harare ni ta ce wannan fata ta zama takarda. Sau biyu Ummi ta gwada dainawa da kanta. Duk lokacin da ta daina, kafin kwana goma fuskar ta cika da ƙuraje da baƙin tabo fiye da yadda take tun asali, ta kasa fita, sai ta dawo ta miƙo mini roba. Ni kuma in cika mata, har ina ce mata ai na gaya mata.

Mutum ɗaya ne ya taɓa tsayar da ni, wani dattijo mai kemis da nake sayen mayukan a wurinsa. Ranar da na aika a ba ni kwali guda, ya ce in zo da kaina. Da na je ya tambaye ni me nake yi da su da yawa haka, na gaya masa ba tare da wata kunya ba. Ya mayar da kwalin ƙarƙashin kanta, ya ce, “Hajiya, wannan magani ne, ba man kwalliya ba. Likita kan ba da shi na kwanaki ne a daina. Ki ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane.” Na fita ina faɗa, ina cewa tsufa ne ya fara taɓa shi. Shago na uku daga nasa aka ba ni kwali biyu, babu wanda ya tambaye ni ko takarda ko dalili.

Haka muka tafi shekara kusan tara. Ummi ta gama sakandare ta shiga kwalejin horar da malamai, zuwa lokacin ita ke haɗa nata da kanta, ta fi ni ma iya awo. A shekararta ta ƙarshe aka tura ta koyarwar gwaji wata makarantar ƙauye a wajen Kafur. Daga inda mota ke sauke ta sai ta yi tafiya mai nisa a ƙasa, safe da azahar, ga tsayuwa da yara a fili. A wannan lokacin ne wani ɗan ƙurji ya fito mata a gefen fuska, tsakanin kunci da kunnen hagu. Da ta zo ƙarshen mako ta nuna mini, na ce zafi ne, na shafa mata haɗi a kai na rufe da hoda. Ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya sake yin wani. Bayan wata guda ya zama miki mai tauri a gefe-gefe, tsakiyarsa na tsatsar da ruwa. Ta koyi jawo hijabinta gaba ta rufe wurin.

Nan ne laifina mafi girma yake. Sau biyu ta ce mini, Gwaggo, mu je asibiti. Na farko na ce mata in mun je faɗa kawai za su yi mana a kan mai, su ba ta abin da nake da shi a ɗaki. Na biyu na ce ta bari a gama bukukuwan da ke gabana, amare uku ne a hannuna. Gaskiyar da ban gaya mata ba ita ce tsoro nake ji. Funtua ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan. In aka ji cewa fuskar 'yar gidana, wadda kowa ya sani da ita nake nuna aikina, ta yi gyambon da ba ya warkewa, shagona ya mutu. Na sayo mata maganin kashe ƙwayoyin cuta, na karɓo mata na gargajiya, na hana ta zama a shago in da mutane. Ina ganin jini a rigar matashinta in na zo wanki, sai in jiƙa shi daban kada maigidana ya gani. Wata biyar muka yi a haka.

Uwarta ce ta gano. Ta zo Funtua suna a dangi ta biyo ta gidana da la'asar, Ummi ta cire hijabi za ta yi alwala ba ta san ta shigo ba. Matar nan ta kama fuskar 'yarta ta juya ta wajen haske ta duba, ta ce ta ɗauko mayafinta. A asibitin gari suka duba suka ce wannan ba nasu ba ne, suka rubuta mana takarda zuwa Zariya. Na bi su, duk da ba wanda ya ce in zo.

A Zariya wata likita ce ta gan mu, mace mai sanyin magana. Ta duba mikin, ta taɓa wuyan Ummi ta daɗe tana lalubawa, ta duba yatsunta da damtsenta. Sannan ta tambaya shekara nawa ta yi tana shafa man, kuma wa ya fara ba ta. Ina zaune a kujerar bayanta, uwarta na gefe. Ummi ba ta waiwayo ba. Ta ce, “Ni na saya da kaina a kasuwa, tun ina sakandare. Gwaggona ta sha hana ni.”

Na so a ce a nan take na ƙaryata ta. Ban yi ba. Na sunkuyar da kai na bar ƙaryar ta tsaya, likita ta rubuta, uwarta ta dube ni da wani irin kallo na neman gafara, kamar ita ce ta zarge ni a banza. Aka yanki ɗan nama daga mikin aka ce mu dawo.

Da sakamako ya fito aka ce ciwon daji ne na fata. Likitar ta yi mana bayani a hankali. Ta ce baƙin da ke fatarmu garkuwa ce da Allah ya yi mana daga rana, kuma irin wannan ciwo ba kasafai suke ganinsa a fuskar baƙar yarinya mai ƙuruciya haka ba. Ta ce ba za ta rantse cewa man shi kaɗai ya jawo ba, amma shekara da shekaru ana kankare garkuwar ana siranta fatar, sannan a shiga rana da ita, ba abin mamaki ba ne. Abin da ta faɗa daga ƙarshe shi ya fi tsaya mini. Ta ce da an zo tun yana ƙarami, ɗan yanka ne kaɗan a sallame ta a ranar, amma yanzu ya yi zurfi, har ya taɓa wani ƙulli a wuya.

Kwana biyu na yi ban iya haɗiye abinci ba. A rana ta uku na hau mota zuwa Gozaki ni kaɗai. Na tarar da Yaya a gona yana ɗaure kara, washegari zai tafi Zariya. Na durƙusa a kan kunyar gonar na gaya masa komai tun daga farko: ranar da na fara shafa mata, abin da ta ce da abin da na ce, hotunan, ƙaryar da na yi wa matarsa a waya, wata biyar ɗin, da ƙaryar da 'yarsa ta yi don ta rufa mini asiri. Bai katse ni ba. Da na gama ya ci gaba da ɗaure damin da ke hannunsa har ya ƙulle shi, ya jingine shi, sannan ya ce, “Ni 'ya na ba ki. Da kin ce mini abin talla kike nema, da na sayar da sa na yi miki allon shago.” Bai zage ni ba, bai kore ni ba. Ya ce in tashi, rana ta yi, in je gida in sha ruwa. Da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

An yi wa Ummi aiki. Suka yanke wurin da faɗi, suka cire ƙullin wuyan, suka ɗebo fata daga cinyarta suka dasa. Dashen farko bai kama da kyau ba saboda yadda fatar jikinta ta lalace, sai da aka sake. Bayan nan aka yi mata makonni ana gasa wurin da na'ura. Gefen bakinta na hagu ya ɗan saki, in ta yi murmushi ɓangare ɗaya ne ke tashi. Ta rasa shekarar karatunta, sai daga baya ta koma ta kammala. Da aka hana ta man gaba ɗaya ta sha wata wahalar daban, ƙuraje da ƙaiƙayi da kasala, har likitoci suka ce maganin ya daɗe yana shiga jininta. Yau fatarta ba baƙa ba ce, ba fara ba, dabbare-dabbare ce. Alhamdu lillahi, zuwa yanzu duk dubawar da ake mata ba a ga ya dawo ba, amma an ce za a yi shekaru ana dubawa.

Ba ta dawo gidana ba, a Gozaki take, tana koyarwa a firamare. Bayan ta samu sauƙi na je na same ta a ɗakin uwarta tana duba littattafan yara. Na tambaye ta me ya sa ta yi wa likita ƙarya saboda ni. Ta ce in da ta faɗi gaskiya a ranar, Baba zai rasa ƙanwarsa, ita kuma ciwon ba zai koma ba. Na roƙe ta gafara ina kuka. Ta rufe littafin da ke cinyarta ta ce, “Gwaggo, man na yafe miki, ba ki san abin da zai yi ba. Wata biyar ɗin nan ne har yanzu nake roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa.” Ban ƙara roƙonta ba, domin ta fi ni gaskiya.

Na daina haɗi tun ranar da na dawo daga gonar Yaya. Abin da ya rage na haƙa rami a bayan gida na binne. Na koma kitso da lalle, duk amaryar da ta nemi haske in ce mata ba na yi, in gaya mata dalili. Na yi ƙoƙarin neman 'yan matan da na sayar wa, waɗanda na iya tunawa. Wasu sun saurare ni, wasu sun ce Ummi ce dai ba ta yi sa'a ba. Da yawansu sun yi aure sun watsu a garuruwa, ban san halin da fatarsu ke ciki ba, kuma duk sanda na ji an ce wance tana fama da wani miki sai in yi ta tunanin ko ta taɓa sayen haɗina. Mata biyu da na koya wa haɗi da hannuna har yau suna yi. Na je na roƙe su, ɗaya ta ce ni na ci nawa na ƙoshi shi ya sa nake wa'azi.

Abin da na gane shi ne, a duk tsawon shekarun nan babu abin da ya tsaya tsakanin hannuna da fuskar yarinya 'yar sha huɗu sai dattijo ɗaya, shi ma na kewaye shi cikin minti biyar. Na ji ana cewa akwai dokoki a kan irin waɗannan mayukan, amma ni dai ban taɓa ganin wanda ya leƙo shagona ya tambayi me ke cikin robobina ba. Ina roƙon hukuma, da shugabannin masu kemis, da shugabannin kasuwa, su sa wannan magani ya zama sai da takardar likita, kuma a hukunta duk wadda ta haɗa wa yarinyar da ba ta mallaki hankalin kanta ba, ko da uwarta ce ko gwaggonta. Babbar mace in ta zaɓi ta shafa bayan an gaya mata gaskiya, tsakaninta da Allah. Amma yarinya ba zaɓi take yi ba, abin da aka nuna mata ne kyau take bi. Da akwai wanda zai ci ni tara ko ya rufe mini shago a shekarar farko, da na zage shi, amma da yau ina masa addu'a.

Ku 'yan uwana masu gyaran jiki, na san abin da kuke gaya wa kanku, domin na gaya wa kaina: kowa na yi, ba a taɓa mutuwa ba, in ban sayar ba wata za ta sayar. Ku je ɗakin da ake wanke wa masu irin wannan ciwo miki ku tsaya na minti goma, sannan ku dawo ku juya robar in za ku iya. Iyaye kuma, in 'yarku ta fara haske ba dalili, kada ku yi dariya ku ce gari ya karɓe ta, ku buɗe jakarta. In kuwa wani ƙurji ya fito mata ya wuce wata guda bai warke ba, ku ajiye duk abin da ke hannunku ku kai ta asibiti a ranar, ko me za a ce da ku a gari. Ni wata biyar na jira, kuma su ne har yau ba a yafe mini ba.